Kwanon Inna a Gidan Matuƙin Jirgi

Kwanon samira ne, fari mai jan baki, da murfinsa. Ranar da zan taho Inna ta naɗe shi da tsohon zaninta ta cusa a tsakiyar akwatina. Maigidana ya ce nauyi kawai za a ƙara mana, wai a Amurka kwanuka har zubar da su ake yi. Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "To da me za ta kai wa maƙwabta abinci?"

A Greensboro muka sauka, unguwar Glenwood, wani ɗan gidan katako mai ɗaki biyu kusa da jami'ar da yake karatu. Yana fita bayan asuba, sai magariba ko bayanta. A bar ni da 'yata, lokacin shekararta biyu. Karatuna aji huɗu ne na firamare sai islamiyya. Turancina bai wuce na gaisuwa ba, gaisuwar ma ban sami wanda zan yi wa ba. Ɗalibai ne suka cika layin, suna wucewa a kan keke da abu toshe a kunne. Makon farko na tsaya bakin ƙofa na gaida mutum uku. Ɗaya ya yi murmushi bai tsaya ba, biyu ba su ma ji ba. Na koma ciki na kulle, na dawo na taɓa na ji ko ta kullu. Haka nake ni. An kuma gaya mini a nan idan yaro ya cika kuka maƙwabta kan kira hukuma a zo a ɗauke shi, saboda haka ko tari yarinyar ta yi sai na rufe taga.

Gidan da ke hannun damarmu na wani tsohon Bature ne, shi kaɗai. Dogo ne, ya rame, yana jan ƙafar hagu. Kullum da hantsi yana zaune a barandarsa da hula mai baki, idan ya gan ni ya ɗaga yatsu biyu. Shi ke nan gaisuwarsa. Amma a duk layin shi kaɗai ke yi, har na fara fitowa shanya a daidai lokacin, ko da tsumma biyu ne.

Wata rana ina shanyar sai jirgi ya taso ƙasa-ƙasa, irin masu sauka a filin jirgin bayan gari. Ban san lokacin da na fizgi 'yata na durƙusa a gindin katanga na rufe ta da jikina ba. Da ƙarar ta wuce na ɗago, tsohon yana tsaye riƙe da ƙarfen baranda yana kallona. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya shige ciki.

Sai na faɗi dalili. Ina da shekara goma sha huɗu jirgin yaƙi ya zo kasuwar garinmu. An ce 'yan bindiga yake nema a daji. Ta kan gidanmu ya bi, ya yi ƙasa sosai har na ga abubuwan da ke rataye a ƙarƙashin fikafikansa. Yayata ta tafi kasuwa da farantin ƙuli-ƙuli tun safe. Farantin aka kawo mana. Ita da sauran a can aka yi musu sutura.

Da ƙaramar salla ta zo na yi masa da miyar taushe, duk da kabewar nan ba ta kai tamu ba. Na ɗauko kwanon Inna na fara zubawa.

Maigidana ya ce, "Hajiyata, ina za a kai wannan?"

"Maƙwabci."

"Nan fa ba a yin haka. Ya ci cikinsa ya ɓaci, ki ga takardar kotu. Kin ma san ko yana cin yaji?"

"Na rage yajin."

"To Allah ya kiyaye. Ni dai ba na nan aka yi."

Na tsaya a bakin ƙofa da kwanon har ya fara ƙona mini hannu. Sai na tuna a gida yanzu kwanuka na ta gilmawa ta kowane lungu, ni kuma nan salla ta zo ta same ni kamar Talata. Na goya yarinya na tsallaka. Na ce masa, "Baba," na miƙa. Ya buɗe murfin, ya dube ni, ya nuna ƙirjinsa: ni? Na ɗaga kai. Ranar ban yi sukuni ba, ina ta leƙen ko motar asibiti za ta tsaya a ƙofarsa.

Washegari ya kawo kwanon da kansa, a wanke tas. Ni kuma da sabo, a gabansa na buɗe murfin na leƙa. Ba wai ina jiran wani abu ba ne, hannuna ne ya yi. Ya ga na leƙa. Ya tambayi maigidana me nake nema. Kunya ta kama ni kamar in shige ƙasa. Maigidana yana dariya ya yi masa bayani cewa a wurinmu kwano ba ya komawa gida haka nan, ko ɗan goro ne sai an jefa, kuma wanda aka jefa wa ba ya mayarwa. Tsohon ya saurara kamar ana karanta masa doka. Ya karɓe kwanon daga hannuna, ya ja ƙafarsa ya koma, ya dawo da tumatir uku a ciki, na bayan gidansa.

Daga nan kwanon ya kama hanya. Duk Juma'a ina zuba masa abin da muka ci: shinkafa da wake, dambu, tuwo idan na sami garin kirki. Asabar ya dawo. Tumatir, ko wata gyaɗar bishiya mai tsawo da yake fasawa da kansa, ko safa ƙanana. Wata rana batir biyu na tarar, har yau ban san na mene ne ba. Nakan zauna a matakalar barandarsa, ba na shiga ciki. Ya nuna abu ya faɗi sunansa, in maimaita, in faɗi namu, ya lalata shi. Tuwo bai taɓa fita daidai a bakinsa ba. 'Yata ta riga ni kama Turancin, ta fara kiransa kaka da harshensu. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana wata jiha mai nisa. Wannan na gane ne da yatsu da hotuna.

A Greensboro akwai mutanenmu, ba a rasa ba. Amma masallaci sai da mota, ni kuma ba na tuƙi, bas ɗin ma ina tsoron ya wuce da ni inda ban sani ba. Idan na ce a mako guda wannan tsohon ne kaɗai babban mutumin da nake magana da shi da rana, ban yi ƙari ba.

Mun fi shekara a haka. Wata Juma'a da sanyi ya fara shigowa na je ban same shi a baranda ba. Na ƙwanƙwasa, na ji muryarsa daga ciki. Na yi sallama duk da na san ba zai amsa ba, na shiga. Yana kwance a doguwar kujera da bargo, ƙafar ta kumbura. Na ajiye kwanon a tebur. Da na juyo sai na ga bangon.

Wani akwatin gilashi ne a rataye, cikinsa shimfiɗe da baƙin ƙyalle, an jera ƙarafuna masu ƙyalli kowanne da ɗan ƙyallensa mai launi. Akwai mai siffar tauraro. Akwai mai siffar zuciya, ruwan makuba, da kan mutum a tsakiya. Akwai wani kamar gicciye da farfela a kansa. Da farko na zaci na wasan guje-guje ne, irin wanda ake rataya wa yara a makaranta. Sai na ga hoton da ke gefe. Saurayi ne dogo yana dariya, ya dafa jikin jirgi. A ƙarƙashin fiffiken an jera abubuwan nan. Ba sai an gaya mini sunansu ba.

Ya ga inda idona ya tsaya. Ya ce in zauna, ban zauna ba. Ya fara magana a hankali, da kalmomi ƙanana yadda ya saba yi mini, hannunsa na cike sauran. Ɗan manomin taba ne, a nan jihar aka haife shi. Ya shiga soja yana saurayi don ba ya son gonar. Aka koya masa tuƙi, aka tura shi yaƙi wata ƙasa mai dazuzzuka da gonakin shinkafa. Jirginsa ba irin masu tafiya can sama ba ne. Mai farfela ne, mai nauyi, aikinsa ya sauko ƙasa. Ya miƙe tafin hannunsa ya sunkuyar da shi ya shafo saman bargon. Idan an rutsa da sojojinsu sai a kira shi. Mai siffar zuciyar, ya nuna ƙafarsa: harsashi ne ya fasa cikin jirgin ya same shi, ya komo da jini cike da takalmi. Ya warke ya sake komawa. Bayan yaƙin ya shekara da shekaru yana koya wa samari irin tuƙin, har ya yi ritaya.

Na haɗa 'yan kalmomin da nake da su, waɗanda shi ya koya mini. Na ce, "Mutane. A ƙasa. Kana gani?"

Ya ce wani lokaci yakan gani. Ya ce yana saukowa har yakan ga shanya a kan igiya, ya ga launin kayan.

Na nuna hoton, na nuna kaina. Na ce, "Yayata. Kasuwa."

Ya ce ya sani. Ba labarin ya sani ba. Ya ce tun ranar da ya ga yadda na durƙusa a kan yarinya ya sani, don ya taɓa ganin irin durƙuson nan daga sama.

Wato shekara guda yana cin tuwona da wannan a cikinsa. Na saɓi 'yata, tana ta miƙa hannu tana son taɓa gilashin, na fita. Sai da na kulle ƙofarmu na tuna kwanon yana can.

Asabar bai kawo ba, ƙafar ba ta bar shi ba. Ni ma ban je ba. Na saki labulen tagar da ke kallon gidansa. Na koma shanya a banɗaki.

Maigidana ya ce na cika ɗaukar abu da zafi. Ya sa na kwatanta masa ƙarafunan, ya nemo su a waya. "Kin gani? Lambobin yabo ne. Wannan ta rauni ce. Irin wannan kuma sai wanda ya yi jarunta a sama, wataƙila ya tsaya kan wani da aka harbo har aka zo aka ɗauke shi. Mutumin nan rayuka ya ceta."

Na ce, "Nasu."

"Yaƙin nan fa an gama shi tun ba a haifi Inna ba, ko tana goye."

"Malam, ka taɓa jin ƙarar?"

Bai taɓa ba, a birni ya tashi. Ya ajiye wayar.

Ranar wani suna a Summerfield na gaya wa wata Hajiya da ta daɗe a ƙasar, muna yanka albasa a kicin ɗinta mai faɗin gidanmu. Ta ce, "Ke 'yar nan, a nan tsofaffin sojoji ko'ina suke. A kanti ma tsayawa ake a yi musu godiya. In kin ce sai kin binciki tarihin kowa kafin ki gaishe shi, da bango za ki riƙa hira." Ta miƙo mini wata albasar. Ban ce mata da bangon nake yi ba.

Sai na gaya wa Inna a waya. Da na sani ban faɗa ba. Na yi zaton za ta ce haƙƙin maƙwabci, don ita ta koya mini.

Ta ce, "A kwanona?"

"Inna, ban sani ba lokacin."

"Yanzu kin sani. Ko ruwa kar ki ƙara ba shi. Ki karɓo mini kwanona."

Na ce to.

Amma karɓowa sai an je. Mako biyar ina cewa gobe. A makonnin nan na san tsawon yini a ƙasar nan. In yi shara, in sake yi. In ji motar kwasar shara ta zo ta tafi, in ji mai kawo wasiƙa ya buɗe akwati ya rufe. 'Yata ta riƙa ɗaga labulen tana kiran kaka, ina janye ta, tana kuka, ina rufe taga. Ranar Juma'a hannuna ya riƙa auna shinkafa da ƙari, sai na gama dafawa in ga saura. Ta gefen labulen na ga wata mota tana ajiye masa abinci a kwali. Wani lokaci kwalin yakan wuni a baranda. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina da nake lura.

Wata Asabar da safe babbar mota ta tsaya a ƙofarsa. Wata mata mai furfura, 'yarsa, tana nuna wa ma'aikata kujeru. Maigidana ya fita ya dawo ya ce gidan kula da tsofaffi za a kai shi, can kusa da ita, da la'asar za su tafi. Ya ɗauki jakarsa ya wuce jami'a.

Wajen ƙarfe goma na ji ƙarfe yana bugun matakalarmu. Na leƙa. Shi ne, da abin dogarawa mai ƙafa huɗu, ya rataya leda a jikinsa. Tsakanin gidajenmu taku ashirin ne, amma gumi yake yi. Na buɗe ƙofar rabi.

Ya ciro kwanon ya miƙo da hannu biyu, yadda ya ga ina yi. Ya ce tumatir ya ƙare, kicin kuma an kwashe. Ya ce amma kwano ba ya komawa haka nan.

Ban buɗe a gabansa ba wannan karon. Na ji abu ya yi ƙara a ciki. Ya shafa kan 'yata da ta rungume masa ƙafa mai ciwon, ya juya.

Da na buɗe, lambar nan ce mai farfela. Ƙyallenta ya koɗe, ƙarfen ya yi sanyi, ta fi yadda na zata nauyi. Na zauna a ƙasan kicin da ita a cikin kwanon Inna. Ban san me yake nufi ba, har yau ban sani ba. Ko abin da ya fi daraja a wurinsa ya ba ni. Ko kuwa kayan da ya gaji da ɗauka ne ya sauke a kaina, ni da ba ni da laifin komai. Na ce zan mayar masa. Na tashi har na sa hijabi. Sai na tuna mu muka gaya masa ba a mayarwa. Shi dai ya bi ƙa'ida. Kuma ga kwanon ya dawo, abin da Inna ta ce ya cika, ba sai na taka ko'ina ba. In wanke shi in ɗora a kan firij, magana ta ƙare.

Na wanke shi. Sai na ga hannuna ya ɗora ruwa a wuta.

Tuwon shinkafa na yi, mai laushi sosai saboda haƙoransa, da miyar kuka ba yaji. Ina tuƙawa ina kuka, kuma ba shi nake wa kukan ba. Yayata ce ta koya mini tuƙin tuwo, tana dukan hannuna da muciya idan na bar gudaji. Ban yafe wa kowa komai ba a kicin ɗin nan, kar a ce na ce. Abin da na sani kawai, tsoho zai yi doguwar tafiya a mota, kuma na ga kwalayen da yake bari a baranda.

Da la'asar an riga an zaunar da shi a gaban motar. Na tsallaka da kwanon a naɗe da tawul. 'Yarsa ta tare ni da fara'a, ta ce bari ta nemo roba a juye, don ba za su dawo ba. Na gane maganarta sarai. Na duba cikin gidan ta ƙofa, babu komai sai ƙusa a bango inda gilashin yake. Na ce mata a'a. Na ɗora masa a cinya. Ya riƙe da hannu biyu, ya buɗe murfin, tururi ya rufe masa tabarau. Ya faɗi sunan tuwon, ya lalata shi kamar kullum. Ban gyara masa ba. Da motar ta tashi ya ɗaga yatsu biyu.

Yanzu ɗalibai huɗu ne a gidan. Sun cire tumatirin sun kafa ragar wasa. Lambar tana cikin tsohon zanin Inna a ƙasan akwatina, maigidana ma bai san tana nan ba. Wani lokaci idan yarinya ta tafi makaranta nakan ciro ta in ajiye a tebur in yi ta kallo, sannan in mayar. Idan jirgi ya sauko har yanzu nakan durƙusa, sai dai babu mai gani.

Inna ba ta manta ba. Duk bayan 'yan makonni, bayan ta tambayi jikarta da sanyi da ko ina cin abinci, sai ta ce, "Kwanon fa?"

In ce, "Yana wurin maƙwabci, Inna."

Ta ce, "Har yanzu?"

In ce har yanzu.